Yadda mutum ɗaya zai hawar da jirgin iska kan tirela a gangaren teku

A cikin 'yan'uwanmu da ke aiki a Jidda, musamman direbobi da masu kula da gidajen shaƙatawa na bakin ruwan Abhur, akwai da yawa da maigida zai miƙa wa makullin mota ya ce a je a fito da jirgi daga ruwa, ba tare da ya haɗa su da kowa ba. Jirgi mai inji zalla da sauƙi. Jirgin iska, wato mai tafiya da ƙyallen da Larabawa ke kira shira'i, shi ne mai wuyar sha'ani, domin yana da dogon jigo a sama, yana da allo a ƙarƙashinsa, kuma iska kaɗan ta isa ta juya shi. Bayanin nan ya shafi jirgi mai tsawon mita 5 zuwa 7, irin wanda mota ke iya ja.

Aikin ba na ƙarfi ba ne. Mafi yawan wahalar da ake sha a gangare daga abu ɗaya take fitowa, wato zurfin da aka saka tirela a ruwa. Idan wannan ya yi daidai, igiya biyu da winci, wato abin murɗawa da ke gaban tirela mai jawo jirgi, sun ishe ka. Idan bai yi ba, ko ku huɗu ne sai kun jiƙe har wuya.

Lokaci da wuri

A gaɓar Jidda iskar da ta fi yawa daga arewa da arewa maso yamma take busowa. Da asuba takan kwanta, da hantsi ta fara motsi, bayan azahar ta yi ƙarfi. Saboda haka mutum ɗaya ya yi aikinsa bayan sallar asuba, ko kuma dab da magariba idan ta lafa. Ka guji yammacin Alhamis da Juma'a da Asabar in da hali, domin baburan ruwa suna tayar da igiyar da za ta ɗaga jirgin ta buga shi a kan ƙarfen tirela a daidai lokacin da kake ƙoƙarin daidaita shi. Tsakar rana kuwa a lokacin zafi ba ta aiki ba ce. Hukuma ma ta hana aiki a cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba.

Kafin ka kawo mota, sauka da ƙafa ka duba gangaren, wanda a nan ake kira manzal. Sa takalmin roba mai rufe ƙafa, ba silifa ba, saboda gansakuka da bushiyar ruwa da kaifin duwatsu. Riƙe sanda ka riƙa dogarawa kana shiga har ka ji inda siminti ya ƙare. A gangare da yawa akwai rami a wannan bakin, wanda farfelar jiragen da ake tura su kan tirela da ƙarfin inji ta haƙa. Ka sa alama a jikin siƙala, wato gadar da ake ɗaure jirage, daidai inda simintin ya tsaya. Tayar tirela kada ta wuce wannan alama.

Ga wani abu da baƙo ba ya sani game da tekun Bahar Maliya a wannan yanki. Cikowa da janyewar ruwa na kullum kaɗan ne a Jidda, bai cika wuce kamu ɗaya ba. Amma tsakanin lokacin sanyi da lokacin zafi ruwan yana canjawa sosai: da sanyi yana sama, da zafi yana ƙasa, bambancin kan kai kusan rabin mita. Gangaren da ya ishe ka a watan Janairu zai iya gaza maka a watan Agusta, sai ka ga ka kai ƙarshen siminti ruwa bai kai inda kake so ba. Don haka dubawar nan ba ta sau ɗaya ba ce.

Shirya jirgin tun yana kan ruwa

Sauke ƙyalle duka ka naɗe tun kana nesa da gangare, ka shigo da ƙaramin inji ko da filafili. Ɗaure jirgin a siƙala ta ɓangaren da iska ke fitowa, yadda in ka sake shi iskar za ta kawo shi wajen tirela, ba ta gudu da shi ba. Janye jirgi zuwa cikin iska da hannu ɗaya wahala ce; sassauta masa igiya yana tahowa da kansa kuwa ko yaro zai iya.

Sai ka ɗage allon ƙasa har ƙarshe ka ɗaure igiyarsa ko ka kulle wincinsa. Wannan allon shi ne ke hana jirgi zamewa gefe idan yana tafiya, kuma shi ne aka fi mantawa. Idan ya rage a sauke ko da ɗan kaɗan, zai ci karo da ƙarfen bayan tirela, kai kuma kana can gaba kana murɗa winci kana mamakin abin da ya riƙe jirgin, har ka fasa akwatin da allon ke shiga. Allon tuƙi na baya shi ma a ɗage shi ko a cire shi gaba ɗaya. A kashe inji, a rufe mai, a karkato ƙafarsa sama.

Igiya biyu za ka ɗaura, ɗaya a goshi, ɗaya a baya ta gefen da iska ke bugowa. Kowacce ta kai tsawon jirgin sau biyu, kauri milimita 8 zuwa 10. Ta goshi ita ke jawo shi, ta baya ita ke hana gindinsa karkata. Wasu sukan ɗauki igiya ɗaya doguwa su ɗaura bakinta ɗaya a goshi ɗaya a baya, su riƙe tsakiya kamar linzami. Wannan ya fi dacewa da mutum ɗaya, domin ba ka da bakin igiyar da zai suɓuce ya faɗa ruwa. Kada ka taɓa naɗe igiya a tafin hannu ko a wuyan hannu.

Mota da tirela

Duba maƙalar da ta haɗa su. Ƙwallon ƙarfen da ke bayan mota iri biyu ne suka fi yawa: mai milimita 50 da mai inci 2. A ido kamar ɗaya suke, amma bambancinsu kusan milimita ɗaya ne, kuma bakin tirela mai inci 2 a kan ƙwallo mai milimita 50 yana da sako-sako. Karanta lambar da aka buga a jikin kowanne. Bayan ka kulle, sa fil, sannan ka ɗaga bakin tirelar da ƙarfi ka ga ko zai fita. Sarƙoƙi biyu a gicciye su a ƙarƙashin baki, yadda ko ya kuɓuce zai faɗa a kansu.

Idan daga nesa ka jawo tirelar, bari ta huta minti 15 zuwa 20 kafin ta shiga ruwa. Boris mai zafi in ya shiga ruwa mai sanyi, iskar da ke cikinsa takan tsuke ta zuƙo ruwan gishiri, giris ya lalace, bayan 'yan makonni taya ta kama kuka a hanya. Cire filogin fitilu ka rataye shi sama.

Yanzu ga dabarar da ke raba wanda ya saba da wanda bai saba ba. Tun kana kan tudu, saki winci ka jawo bel ɗinsa har zuwa kusan bayan tirela, ka rataye ƙugiyar a kan sandar gefe inda hannunka zai kai. In ba ka yi haka ba, za ka tsinci kanka da jirgi a hannu ɗaya, ɗaya hannun yana neman winci mai nisan mita 5. Duba bel ɗin yayin da kake jawo shi: ranar Jidda tana cin zarensa, in ya yi fari ya bushe ko ɗinkin wajen ƙugiya ya fara warwarewa, canja shi yau. Sandunan gefe kuwa, in tirelar ba ta da su, a sa mata. Bututun roba na ruwa mai kauri inci 2, a zura a kan ƙarfe a kowane gefe na baya, ya fito sama da ruwa kamar mita ɗaya. Su ne mataimakin da ba ka da shi: suna nuna maka tirela a madubi lokacin ribas, suna kuma tare jirgi kada iska ta zame da shi.

Wajen ribas, sauke gilasai, kwance bel ɗin kujera, kada kowa ya zauna a motar, balle yara. Sa hannu a ƙasan sitiyari. Inda ka kai hannun, can bayan tirela zai nufa. Gyara kaɗan-kaɗan. In ta karkace sosai, yi gaba ka miƙe ka sake.

Zurfin da ya dace

Tirelar jirgi ko dai tana da katakai biyu masu kafet da jirgin ke kwanciya a kai, ko tana da tayoyin roba da yake gangarawa a kansu. Ga mai katakai, ƙa'idar farawa ita ce kashi biyu cikin uku na tsawonsu su nutse, kashi ɗaya na gaba ya rage a waje. A tireloli da yawa wannan yakan zo daidai da lokacin da ruwa ya kusa shafe saman murfin taya. Mai tayoyin roba ba ta buƙatar zurfi haka. Tayar roba ta ƙarshe ta shiga ruwa kaɗan ya wadatar.

Dalilin shi ne, kana son goshin jirgin ya taɓa katako ya kama hanya tun da wuri, katakan su yi masa jagora zuwa tsakiya. In tirelar ta nutse da yawa, jirgin yana yawo a samanta ba abin da ya riƙe shi. Za ka ɗaure goshi lafiya, ka shiga mota, gindin ya karkata, kana fitowa ya zauna a kan murfin taya ko a kan katako ɗaya. Mutane da yawa suna ganin ƙara zurfi shi ne sauƙi, alhali shi ne tushen matsalar. In kuma ta yi sama da yawa, winci zai yi nauyi, zoben goshi ya sha wahala. Tsakanin biyun, gara ka fara da rashin zurfi, domin gyaransa sauƙi ne: ka ƙara ja da baya kamu ɗaya. Ranar da ka sami daidai, sa alamar fenti a sandar gefe inda ruwa ya tsaya. Daga ranar ka huta da kintace.

Tayoyin bayan mota kada su shiga ruwa, salansa ma haka. In jirgin mai zurfin ciki ne har sai mota ta shiga kafin ya hau, abin da kake buƙata ƙarin ƙarfe ne da ke tsawaita bakin tirela, ba ƙarin ƙarfin hali ba.

Da ka tsaya, taka birki, ja birkin hannu har ƙarshe, sannan ka sa giya a P. Mota mai kuloci a kashe ta a bar ta a giya ta ɗaya. Sai waigi. Birkin hannu a yawancin motoci tayoyin baya kaɗai yake riƙewa, su ne kuma ke tsaye a wuri mai santsi, don haka sa waigin a bayan tayar gaba ta gefen direba, inda siminti ya bushe. Ɗaura masa 'yar igiya ka rataya a madubi, ka iya jawo shi daga kujera bayan motar ta ɗan yi gaba.

Hawar da shi

Kwance jirgin daga siƙala, riƙe igiyarka, tura shi baya har ya wuce ƙarshen tirela, sannan ka taka a hankali kana jawo goshinsa tsakanin sandunan nan biyu. Nufa da shi ɗan sama da tsakiya ta gefen iska, domin kafin ya iso iskar ta gyara shi. Da goshi ya hau katako ya tsaya, ɗaure igiyar baya a siƙala ko a sandar gefen iska da ɗan tauri, ka je ka maƙala ƙugiyar winci a zoben goshi. Bel ɗin ya bi ta ƙarƙashin robar da goshi ke jingina a kai, kuma kada ya murɗe.

Tabbatar harshen winci ya faɗa, kana jin ƙas-ƙas ɗinsa a kowane juyi. In bai kama ba ka saki hannu, mariƙin zai juyo da gudun da ke karya yatsa ko wuyan hannu. Tsaya a gefe, kada fuskarka ta kasance a layin bel. Murɗa a hankali, bayan kowane juyi biyar ko shida ka ɗaga kai ka duba bayan jirgin: tazararsa da sandar dama da ta hagu ɗaya ce?

In winci ya yi tauri har kana sa ƙarfin jiki duka, tsaya. Ko dai allon ƙasa ya sauko, ko igiya ta maƙale a tirela, ko zurfin bai isa ba. In na ukun ne, bar jirgin a maƙale, koma mota ka ƙara baya kamu ɗaya, sa birki da waigi kamar farko, ka dawo ka ci gaba. Yin haka sau biyu ko uku ba gazawa ba ce, ita ce hanyar da ta fi kawo jirgi tsakiya, domin kowane mataki yana riƙe a katako. Kada ka tayar da inji don ka tura shi sama. Ƙaramin injin jirgin iska ba zai iya ba, kuma shi ne aikin da ke haƙa ramin da aka ambata.

Idan goshi ya manne da robarsa, sa sarƙar tsaro daga tirela zuwa zoben goshi kafin ka motsa mota. Tattara igiyoyin ka jefa cikin jirgi, kada taya ta taka su.

Fitowa daga ruwa

Kafin ka taka mai, ɗaga kai sama. Jigon jirgi mai mita 7 yakan kai mita 8 ko 9, ga tsayin tirela da na jirgin a ƙarƙashinsa, jimla ta haura mita 10. Na alminiyam ne, yana ɗaukar wuta, kuma babbar wayar lantarki ba sai an taɓa ta ba take tsallakowa. Duba waya, fitilar titi, reshen bishiya da rumfar ƙofa a duk hanyar da za ka bi zuwa inda za ka tsaya. Wannan kuskure ne da ba a yin sa sau biyu.

Sa ƙaramar giya, in motar mai jan taya huɗu ce ka sa su duka. Taka mai a hankali har ka ji ta ɗauki nauyi, sannan ka saki birkin hannu. Hau mita 2 ko 3 ka tsaya, ka sake sa birki da waigi, ka zagaya. In jirgin ya zauna a karkace fiye da faɗin yatsu uku, koma ruwa ya ɗan taso ka gyara. Kada ka sa kafaɗa ka ce za ka tura shi a tudu. Sau da yawa kuma za ka tarar goshi ya ja baya daga robarsa kamar faɗin tafin hannu. Ba winci ne ya saki ba: a ruwa gindin jirgin yana sama, da ya zauna kan katako sai kusurwarsa ta canja. Ƙara murɗawa tun katakan suna jiƙe.

A nan kan gangare, cire toshiyar baya ruwan ciki ya zube. Kowace lita kilo ɗaya ce, kuma in mota ta fara hawa duk ruwan baya yake taruwa ya rage nauyin da ke kan maƙala. Jiragen da ke da tankin ruwa a ƙasa don daidaito, wanda a wasu yakan kai kilo 500, a buɗe su su tsiyaye tas kafin a hau titi.

In tayoyin mota suka fara juyawa a banza, ɗaga ƙafa daga mai nan take. Ƙara mai yana ƙara santsi ne, motar kuma tana iya zamewa baya. Watsa yashi a gaban tayoyin ka sake gwadawa a hankali. In kuwa tayar tirela ta faɗa ramin ƙarshen siminti, kada ka fizga, za ka iya tsinke ƙarfen tayoyin daga jikinta. Sauke jirgin ya koma ruwa ka ɗaure shi, sannan ka nemi mutane su ɗaga bayan tirelar yayin da mota ke ja. Nan aikin mutum ɗaya ya ƙare, ka yi sallama ka nemi hannu.

Sauke jigo

Matsa daga gangare ka ba na bayanka wuri. Nemi fili shimfiɗaɗɗe, ka tsayar da jirgin a layin iska, kada ta bugo daga gefe. Bar tirela a maƙale da mota, in ba haka ba kana takawa zuwa bayan jirgi bakinta zai tashi sama da kai.

Cire sandar kwance da ƙyalle ke ɗaure a kai. Kafa gwafa a bayan jirgin inda jigo zai kwanta. Wayoyin gefe biyu da ke riƙe jigo a bar su a ɗaure. Ɗauki igiyar da ke ɗaga ƙyallen gaba, ka bi da ita ta cikin kura, wato 'yar tayar da igiya ke bi ta kanta, a goshi, ka dawo da ita inda za ka tsaya, ka ja ta yi tauri. Sai ita ta karɓi nauyi tukuna za ka zare fil ɗin wayar gaba. Daga nan kana sassautawa kaɗan-kaɗan jigo yana kwantawa baya.

Haɗarin yana rabin hanya. Da jigo ya wuce rabin kwanciya, igiyar takan kusa zama layi ɗaya da shi, nauyin da ke kanta ya ninka, ga wayoyin gefe sun saki, yana iya kaɗawa dama ko hagu ya fizge gindinsa daga rufin jirgi. Maganin na farko sanda ce mai kamar mita 2 da ake kafawa a gindin jigo tana kallon gaba, igiyar ta bi ta kanta don kusurwar ta buɗe. Maganin na biyu igiyoyi biyu na wucin gadi, daga jikin jigo zuwa gefe da gefe, a ɗaure su daidai da layin fil ɗin gindinsa don kada su saki yayin da yake sauka. Jigon da ya wuce mita 8, in babu waɗannan biyu, kada mutum ɗaya ya taɓa shi. Filoli da zobba ƙanana a zuba su a gwangwani mai murfi.

Bayan ya kwanta, zare gindinsa ka tura shi gaba, ka ɗaure a wuri uku: goshi, tsakiya da baya. Naɗe wayoyin ba tare da ka lanƙwasa su ba. Ƙulla jan ƙyalle a bakin da ya fito baya.

Kafin ka hau titi

Bel ɗin winci ba ɗauri ba ne. Sa bel biyu daga kusurwoyin baya zuwa ƙarfen tirela, da ɗaya daga zoben goshi zuwa ƙasa, ka sa tsumma inda suka taɓa jikin jirgi. In allon ƙasa mai nauyi ne, sassauta shi ya zauna a kan matokarinsa na tirela, kada ya yi tafiya yana rataye a waya. Ƙaramin inji gara a cire shi a sa a mota. In irin wanda mansa da baƙin mansa ke rabe ne, kwantar da shi ta gefen da kamfani ya nuna, in ba haka ba baƙin mai zai gangara cikin silinda.

Nauyin da ke kan maƙala ya zama kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari na jimlar kaya. Jirgi mai kilo 900, tirela 350, inji da tarkace 150, jimla 1,400 ke nan, don haka kilo 100 zuwa 140. In ya gaza haka tirela za ta riƙa wutsiya da zarar ka ɗan yi gudu. Matsar da kaya masu nauyi gaba.

Gishirin Bahar Maliya ya kai kusan giram 40 a kowace lita, na sauran manyan tekuna kusan 35, ga zafi da ke busar da shi nan da nan a jikin ƙarfe. Wanke tirela da ruwan daɗi a ranar, musamman birki, sifirin, winci da cikin bututun ƙarfe, ka kuma zagaya wa inji ruwan daɗi na minti 5 zuwa 10. Mayar da filogi ka gwada fitilu. Duba iskar taya, ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe a gefenta: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Tayar tirela da ta haura shekara 5 tana tsaye a rana takan fashe ko da zanenta bai cinye ba.

A hanya kada ka wuce kilomita 80 a awa, ka taka birki a hankali sau biyu ko uku tun farko don ya bushe. Bayan kilomita 10 ka tsaya a wuri mai aminci, ka ƙara ɗaure bel, domin jirgi yakan zauna su saki. Taɓa tsakiyar kowace taya da bayan hannu: ɗumi ba komai, amma in ɗaya ta fi 'yar'uwarta zafi har ba ka iya barin hannu a kai, boris ne ko birki ya kama, kada ka ci gaba da tafiya sai an duba.